Tsohon Awo

Litinin, 3 ga Maris

Wata bakwai ke nan da cire min nonon dama saboda ciwon daji. Yau likita ya ce wurin ya warke, ana iya maganar gina wani. Ya baza min hanyoyi kamar mai tallan yadi: ko a sa jakar roba a ƙarƙashin fata, ko a yanko nama daga cikina, ko a juyo da tsokar bayana gaba. Ranar ashirin yake son amsa, don a sa ni a layin tiyata. Har zane ya yi min. Da ni ce na yi wa mai kawo ɗinki irin wannan zanen, da ta kwashi yadinta ta yi gaba.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta zo shago, ita har ta yanke hukunci. Wai a yi na naman ciki: "Ga tumbi ya tafi, ga nono ya dawo, me kike jira?" Na ce aikin awa bakwai ne, sannan makonni ban taka keken ɗinki ba. Ta ce to roba. Robar kuwa likita ya ce tana iya taurarewa a fata irin tawa da aka gasa da na'urar kashe daji, wata ran a sake buɗe ni. Ta ce to baya. Na ce hannun almakashin nawa?

"Ke dai ki yi don mijinki," in ji ta. Ciwon da ba a jikinka yake ba, sauƙin magani gare shi.

Asabar, 8 ga Maris

Tsoro nake ji. Ƙamshin maganin barcin nan har yanzu yana hancina.

Talata, 11 ga Maris

Baban yara bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. "Duk yadda kika gani." Wannan maganar ta fi zagi ƙona min rai. To amma me zai ce a kan abin da bai gani ba? Tun da aka sallamo ni, a banɗaki nake canza kaya, da sakata.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sha kunya. Ina durƙushe ina kafa wa wata malamar makaranta allura a bakin siket, sai cikon soson da na ɗinka wa kaina a gurbin nonon ya hauro har wuyan riga. Ta gani. Ta ɗauke kai tana yabon labulen shago, baiwar Allah.

Laifina ne. Da tsohon awona na littafi na yanka soson da rigar, alhali na rame. Ni! Ni da nake kora duk wadda ta aiko min da awon bara ta waya, ina cewa jiki ba ya jiran littafi. Shekara goma sha tara ina zagaya ƙirjin mata da tef, na kasa ɗora shi a nawa.

Saura kwana shida.

Lahadi, 16 ga Maris

Mutum ba ya auna bayansa da kansa. Bayan la'asar na miƙa wa Baban yara tef, na cire riga. Na zuba wa bango ido.

Bai ɗora tef ɗin ba har na fara neman rigata. Sai na ji yatsansa yana bin tabon a hankali, tun daga tsakiya har hammata. Ya ce, "Tela, wanda ya yi ɗinkin nan bai kama ƙafarki ba."

Na ce ya karanta min lamba kawai. Ya karanto ta bayan tef, sai da muka sake sau uku. Ban yi kuka ba sai da ya fita.

Alhamis, 20 ga Maris

Na tambayi likita abin da ya kamata in tambaya tun farko: in ban yi yanzu ba, ƙofa ta rufe? Ya ce ko baɗi ana iya yi, akwai kuma waɗanda suke zamansu haka. Na ce ya ba wata gurbina. Yaya ta yi fushi, za ta huce.

Ba wai na fasa ba ne. Hanyar tsokar bayan nan tana raina, zan sake tambaya a kan hannun.

Da na dawo na soke tsohon awon, na yanka shuɗin yadin nan da nake ta ɓoyo. Rigar ta zauna ɗas. Sai da na gama guga na lura ban yi mata aljihun soso ba. Mantuwa ce, ina jin. Zare mai kyau ne, ba zan farke ba.