Guntun Fim ɗin da Kakanka Ya Yanke

Zuwa ga angona mai gudun gida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce kawai ke ƙorafi, ita ma don ta rasa abokin faɗa ne tun da ka tafi. Mahaifiyarka ta warke daga mura, ƙanwarka kuma ta fara koyon tuƙi, kajin unguwa duk sun shiga taitayinsu.

To, gyara zama. Ka tuna yadda kake dariya idan na ce na taɓa fitowa a fim, kana kirana tauraruwar da ba a gani? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makon jiya wata mai gyaran tsofaffin finafinai ta zo har ɗakina. Kamfaninsu zai sake fitar da fim ɗin nan a faifai don a kalla a gida. Ta kai ni wurin aikinsu, na ga yadda suke sa farar safar hannu suna goge zaren fim kamar masu yi wa jariri wanka, sannan su bi hoto ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta suna cire datti da karce. Ta ce kwafi ɗaya tak suka samu, na gidan silimar da marigayi kakanka ya yi aikin haskawa. Sai dai a wurin da ake nuna kasuwa fim ɗin yana tsalle, an yanke kusan rabin minti an liƙe tsaf, aikin gwani.

Nan na fashe da dariya har baiwar Allah ta tsorata. A daidai wurin ne nake wucewa da tiren lemo a ka, na yi tuntuɓe, na cafe tiren ina dariya. Kwana bakwai kakanka yana haska ni, a na takwas ya sa almakashi ya yanke ni, ya shiga cigiyar gidanmu. Bai faɗa mini ba sai da na haifi mahaifiyarka. Ashe ɓarawo na aura.

Guntun da ya yanke yana cikin ɗan gwangwanin nan mai zagaye da ka tafi da shi don tunawa da kakanka. Na hango shi bakin tagarka ranar da muka yi waya ta bidiyo. Maza ɗauke shi daga rana, matar ta ce zafi ne ajalinsa. Kada ka buɗe da hannuwan nan naka masu fasa kofi. Ka aiko da shi ta masu kai saƙon gaggawa, adireshin yana bayan takardar nan. Ranar ashirin ga wata mai kamawa za su rufe aikin. In bai iso ba, haka fim zai fita da giɓinsa, ni kuma in tafi lahira da sunan maƙaryaciya.

Na yi kwana biyu ina tunanin ko marigayi zai so a nuna wa duniya abin da ya ɓoye. Sai na ce shekara arba'in ya yi yana kallona shi kaɗai, ai ya more.

Mahaifiyarka da Kawu Ƙarami da Auta suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka mai dogon wuya. In faifan ya fito, ka zauna da kyau ka kalle ni da haƙorana cif, sannan ka faɗa mini in da kai ne ko ba za ka ɗauki almakashi ba.

Taka har kullum,
Kakarka, tauraruwar da za a gani.