Haƙoran Baba Huɗu

Kafanchan, 9 ga Yuni

Yaya Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya aiki, yaya Afiniki da yara? Ina fata zazzaɓin Dinah ya sauka.

Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗin wannan a waya ba. An kwantar da Baba a asibiti, kumatunsa ya kumbura har wuya. Mama ta ce maka ciwon haƙori ne. Abin da ta sani ke nan.

Ka san rawar da hannunsa yake yi tun bara. Na ga wani bidiyo a waya, wai baƙin cikon da ake yi wa haƙori akwai zaiba a ciki, wai ita ke kawo wannan rawar. Baba yana da irinsa huɗu tun yana malamin makaranta. Ka san ni da naci. Sau uku ina zuwa gida Fadan Kaje ina matsa masa a cire su, har da kukana. Bai gaya wa kowa ba, ya je wurin wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, aka zare duka huɗun rana ɗaya. Mutum mai ciwon suga, Yaya!

Likita ta ce cikon da bai fashe ba gara a bar shi, rawar kuma wani ciwo ne dabam. Ban iya ɗaga ido na kalle ta ba.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hulda

Kafanchan, 27 ga Yuni

Yaya Meshak,

Ina fata kun isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙuri?

Ranar jana'iza ka tambaye ni ko Baba ya yi fushi da ni. Bai yi ba, kuma wannan ne ke cin raina. Ranar Larabar ƙarshe ba ya iya magana. Da na shigo, sai ya ɗora hannun a kan bargo, ya danne shi da ɗayan, yana nuna mini da ido wai ya daina rawa. Ina ganin yatsun suna motsi a ƙasa. Na gyaɗa kai, na yi masa murmushi.

Mama kullum tana roƙon Allah ya tona asirin wanda ya ba shi wannan shawara. Ni ke zaune kusa da ita, ni ke cewa amin. Na gaji, Yaya. Ranar Lahadi bayan sujada zan gaya mata. Don Allah ka kira ta da yamma, don ban san ko za ta so ganina ba.

A gaida Afiniki da yara.

Ƙanwarka,
Hulda