Tulun Iri da Ka Liƙe da Laka

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma sai an karanta maka, tunda ka ce boko rubutun tsutsa ne. Amma da wa zan yi maganar in ba kai ba?

Tabkin Madarunfa ya ja baya, inda muke shayar da jaki ya zama tsagaggiyar ƙasa. Jakin ma na sayar da shi a Ɗan Issa, na sayo garin rogo, garin ya ƙare. Kawu Sani ya kwashi iyalinsa ya ƙetara Katsina. Inna tana nan, ta rame, carbi ba ya barin hannunta.

Ka tuna tulun irin gero da ka liƙe bakinsa da laka kafin ka kwanta ciwo? Ka ce iri ba abinci ba ne, komai zafin yunwa. Na riƙe maganarka. Binta matata ta durƙusa ta roƙe ni in buɗe a dama wa 'yarmu Rabi kunu, don cikinta ya ƙi karɓar anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da muke ci. Na ƙi. Da aka yi ruwan farko na shuka rabin irin. Ya tsiro gwanin kyau, sai ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Abin da na hana 'yata, shi na ba rana.

Baba, tun daga nan ina sallah, amma na daina ɗaga hannu bayan sallama. Me zan gaya Masa wanda bai gani ba? Liman ya ce Allah yana jarraba wanda yake so. Na yarda, ni a jarraba ni. Rabi fa? Me ake jarrabawa a yarinyar da ba ta gama fidda haƙora ba? Astagfirullah. Kai ma ka taɓa jin haka ka ɓoye mana?

Jiya na juye sauran irin. Na cika wa Binta ƙoƙo don kunun Rabi. Na saɓa maka, kuma ban yi nadama ba. Ragowar na ɗauka da sungumi na tafi gona, zan shuka a busasshiyar ƙasa kamar yadda kake yi in ruwa ya yi jinkiri. Ina sara, sai na ji motsi bayana. Inna ce, da tsufanta, tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, tana bismillah a kowane rami. Ni na kasa, ita ta yi mana.

Ka sha faɗa cewa babu mai yarda da Allah kamar manomi, don abincinsa yake zubawa a ƙasa ya koma gida hannu wofi. To na zuba, Baba. Ban sani ba ko yarda ce ko rashin wata dabara. Tulun babu komai, sama babu hadari. Amma Rabi ta sha kunun, ya zauna mata, kuma yau da asuba na ɗaga hannuna.

Allah ya kai haske kabarinka.

Ɗanka mai jiran ruwa,
Isufu