Sunan da Admiral Ya Raɗa wa Kaka

Chow Kit, Kuala Lumpur

Baffa Zulkiflu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai, ina gaida Hajiya Inna.

Na samo littafin tarihin Admiral ɗin Ingilan da ka sa ni neman hotonsa, a wani kedai, wato shago, na tsofaffin littattafai bayan 'yan kifi. Na karance shi tas. Baffa, gwarzon naku holoƙo ne. Ɗan masu hali, aka cusa shi jirgi tun yana yaro, yaƙi ya zo ya same shi a kan kujera. 'Ya'yan talakawa na nitsewa a tekun nan, shi ana liƙa masa lambar girma. Har sunan karensa an rubuta. Marigayi Kaka da ya yi masa kuku a Ikko kuwa, ko layi ɗaya.

Sunan nan da kuke tinƙaho da shi, Dogo Bodi, ba tsawon Kaka ya yaba ba. Dogsbody ne, kalmar sojan ruwansu: baran da ake jibga wa aikin da kowa ya ƙi. Har da kare a cikinta. Don Allah a tsayar da mai fenti kafin ya rubuta zagi a ƙofar Islamiyyar da kuka gina.

Ɗanka,
Muttaka

Fagge, Kano

Muttaka,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa, hoton Bature na ce ka nemo, ban ce ka yi mana tafsiri ba. Duk Fagge da wannan suna ta san mahaifina. Kai da ko sakandare ba ka gama ba, yau kai ne mai fassara? Kada Hajiya ta ji, jininta ba ya son tashin hankali. Za a rubuta.

Allah ya shirya mana kai.
Baffanka

Baffa,

Salam. Sakandaren da kai ka gama ce ta bar ka kana amsa sunan kare kana gyara hula. Hoto kuwa na gani: wani busasshen tsoho mai kunnuwa kamar faifai. Ba zan aiko ba. Na riga na kira Bashira ƙanwata, na ce ta karanta wa Hajiya takardata ta farko. Mijinta ne, ita ke da magana.

A gafarce ni in na yi kaifi.
Muttaka

Muttaka mijina,

Ina gaisuwa, Bashira ke rubuta mini. Na sha dariya har tari ya sarƙe ni. Kai sai da ka haye teku ka gane? Kakanka ya sani tun ranar da aka faɗa masa. Yana dawowa gida ya sayi jaki mai taurin kai ya sa masa Admiral, ya yi ta ɗora masa taki har jakin ya mutu. Shi ya sa bai taɓa ƙin amsa sunan ba, ya ce an yi canjaras.

Na ce wa mai fenti ya rubuta Malam Umair, sunan da ubansa ya yanka masa rago. Baffanka yana fushi.

Kana cin abinci kuwa?

Kakarka,
Inna