Wannan Ba Wasan Taubasai Ba Ne

Yaya Abdulwadud,

Gaisuwa daga Makka. Yaya jikin Gwaggo? Mu lafiya lau, illa dai sati biyu ke nan na kasa zuwa makaranta.

Ban taɓa gaya wa kowa ba cewa ni na turo maka hotona babu niƙabi, ina ganin kamar a littafin soyayya muke. Sai ka yanke fuskata ka liƙa a hoton banza, ka watsa wa abokanka, wai wasan taubasai ne. To a nan wasan nan akwai dokarsa, ɗauri ne. Allah ya isa.

Baba ƙawayena yake zargi, yana kuma ta fafutukar nema maka bizar Umra. Na so in yaga takardar nan, amma na fasa. Shi zan miƙa wa ya fara karantawa.

Sakinatu