Haris, Ɗauko Ƙwarya

Litinin, 16 ga Yuni

Ƙauyuka uku na zagaya yau a kan moto, babur ɗina na aiki, ta wajen Ollelewa, magana ɗaya nake maimaitawa har maƙogwarona ya bushe: kada kowa ya yi binne bana. A jira ruwa ya kai milimita ashirin a ma'auni, sannan a shuka. Wanda ya binne iri a busasshiyar ƙasa, yayyafi ya zo ya ɗan jiƙa shi ya wuce, to ya yi asarar irinsa. Shekara tara ina wannan aiki a sarwis ɗin noma na Tanout, na san abin da nake faɗa. Wani tsoho ya ce mini, "Malam, ai ruwa na Allah ne." Na ce haka ne Baba, ma'aunin ne kawai nawa. Aka yi dariya.

A nan kaɗai nake iya rubuta sauran maganar. Ban yarda akwai Allah ba. Tun shekarata ta biyu a jami'a a Yamai abin ya fita daga raina, ba faɗa ba tashin hankali. Ina zuwa masallaci, ina bin sahu, ba na raina kowa. Amma ni da kaina na san babu abin da nake ji. Abdulgafar ne kaɗai ya sani, abokina mai koyar da lissafi a kwaleji, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan bai tona ni ba, bai kuma fasa yi mini addu'a ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Yaya Rahama ta kira daga gida. Ta sussuke zangarniyoyin da Baba ya ware kafin ya rasu a watan azumi, tiya shida ta samu. Shi ke nan abin da ya rage na geronsa, ankutes ɗin nan mai gajeren kai da ya yi shekara arba'in yana zaɓa da hannunsa. Ba a sayar da shi a kasuwa, maƙwabta kuma sun cinye nasu a yunwar bara. In wannan tiya shida ta lalace, irin ya ƙare.

Na ce mata kada a taɓa sai na ce. Ta ce, "Ai kai ne mai ma'auni."

Asabar, 21 ga Yuni

Na zo ƙauyenmu na Gangara sharar gona. Zan rubuta abin yadda ya faru, ba ƙari.

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, ina tara kara a kusurwar gabas, na ji an buga gindin aduwa sau uku. Haka Baba yake yi da ƙotar sungumi duk shekara ranar da zai fara shuka. Sai na ji muryarsa a bayana, da ɗan shaƙewar nan tasa: "Haris, ɗauko ƙwarya." Yadda yake ce mini ina yaro, shi yana gaba yana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri ina zubawa ina rufewa da diddige.

Na amsa. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Na ce "Na'am" kafin na waiga.

Ba kowa. Awakin Buba maƙwabcinmu ne can nesa.

Bayani kuwa yana da sauƙi. Zafi ya kai arba'in da huɗu, ban karya ba, ruwan gorata ya ƙare, kuma wata uku ke nan da binne shi. Ƙwaƙwalwa tana ajiye murya kamar yadda waya ke ajiyewa. Ban faɗa wa Yaya ba.

Talata, 24 ga Yuni

Na faɗa wa Abdulgafar da la'asar muna shan shayi a ƙofar gidansa. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Kai da ka kori kowa da kowa daga sama, fatalwa ce ta rage maka?"

Na ce ban ce fatalwa ba ce. Na ce na ji murya. Jin abu daban, yarda da wanda ya aiko shi daban.

Ya ce, "To mutumina, ni mai imani ne, kuma ni ban yarda mamaci yana yawo a gona ba. Kai kuma da ba ka yarda da komai ba, gashinka ya miƙe. Wa ya fi wani?"

Na ce rashin yarda da Mahalicci bai sa na zama kurma ba. Ban san duk abin da ke cikin duniyar nan ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba. Ya ce wannan ce magana mafi tawali'u da ya taɓa ji daga bakina, zai rubuta kwanan watan.

Ni na ci gardamar, a ganina.

Alhamis, 26 ga Yuni

Sanarwar masu hasashen yanayi: ba wani ruwan kirki a yankinmu na Damargu cikin kwana goma masu zuwa.

Asabar, 28 ga Yuni

Na koma na gwada abin kamar yadda ake gwaji. Na ci tuwo na ƙoshi, na cika gora biyu, na sa malfa, na tsaya a wurin daidai lokacin. Na gano bugun: wani busasshen reshe ne ke dukan gindin aduwar in iska ta taso daga kudu. Na ji daɗi sosai, har na ɗauki hotonsa.

Muryar kuwa ba ta dawo ba. Na tsaya fiye da awa ɗaya. Kuma maimakon hankalina ya kwanta, sai na ji kamar an aike ni na ƙi zuwa. Kwana bakwai ke nan kalmomin nan uku suna bina, a biro wurin aikina, a kan moto, a cikin sahu.

Da na koma gida na ce wa Yaya Rahama gobe zan yi binne. Ta ajiye muciya ta dube ni. Dole na faɗa mata dalili.

Na zaci za ta yi kuka ta ce Baba ya ziyarce mu. Ina! Cewa ta yi, "Wanda ya mutu ya tafi, Haris. Addu'a yake bukata, ba ya aike. Ko rana ce ta buge ka, ko Shaiɗan ne. Kai da bakinka ka hana mutane a rediyo."

Na ce iska ta juya kudu, tururuwa na kwashe ƙwai, damina a nan gajeriya ce, wanda ya riga ya fi. Duk gaskiya ne. Ta ce, "Ba don tururuwa za ka yi ba, kada ka mayar da ni yarinya."

Ba don tururuwa ba ne.

Lahadi, 29 ga Yuni

Mun shuka. Duka tiya shida.

Da sassafe na ɗauki sungumin Baba na fita, sai ga ta biye da ni da ƙwarya. Ta ce in zan kashe irin Baba, a gabanta zan yi. Ni ina gaba ina sara, ita tana zubawa tana rufewa. Na zurfafa ramukan fiye da yadda aka saba, kamar yadda yake yi in binne ne, don ƙaramin yayyafi kada ya kai ga irin. Ba mu ajiye aiki ba sai da muka kai ƙarshen gona bayan la'asar.

Buba ya tsaya da awakinsa a bakin iyaka yana kallonmu. Ya ce, "Malam Haris, ma'aunin ne ya lalace?" Na ce yana hutawa. Kafin magariba duk ƙauye sun ji.

Ban yi nadama ba. Na rubuta don in tuna na faɗa.

Laraba, 2 ga Yuli

Milimita huɗu a Gangara. Ainihin abin da nake gargaɗin mutane a kai.

Na bar biro na hau moto. Na tona ramuka ashirin da yatsa. A tudu laimar ba ta kai ga irin ba. A kwari, wajen da ruwa ke taruwa, ta kai, ƙwayoyin sun fara kumbura. In rana ta yi kwana huɗu a kansu sun tafi.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Yaya ta kawo mini fura ta ajiye ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 4 ga Yuli

Sama fes. A masallaci liman ya roƙi ruwa, kowa ya ce amin. Na ce amin kamar kullum. Ban sani ba ko ta fi ta kullum ƙarfi, ban auna ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Abdulgafar bai yi mini tsiya ba yau, abin da ya nuna mini fuskata ta lalace. Ya tambaye ni, in irin ya mutu, zan ce muryar ƙarya ce? Na ce a'a, zan ce ni ne wawa. In kuma ya fito fa? Na ce zan ce iska ta juya kudu.

Ya ce, "Wato ko ta yaya muryar ba ta da laifi."

Na ɗauki kofina na kurɓa. Shayin ma ya yi sukari da yawa.

Talata, 8 ga Yuli

Milimita ashirin da bakwai, tun azahar har la'asar. Na karanta ma'aunin sau biyu.

Asabar, 12 ga Yuli

Ya fito. Kashi biyu cikin uku, duk tudu kore shar, layi-layi. Kwarin ya ruɓe kamar yadda na faɗa, don haka a wannan ma ni ke da gaskiya. Mutane huɗu a ƙauyen da suka yi binne a ɓoye su ma nasu ya fito, kuma ba wanda ya kira su daga gindin aduwa. Shawarar milimita ashirin tana nan daram, baɗi ma ita zan bayar. Wanda ya jira ya shuka ranar Laraba bai yi asarar ko ƙwaya ba.

Yaya Rahama ta yi sadakar fura ta ce Allah ne ya rufa mana asiri, ba wayona ba. Ban yi musu ba. Ta ce in irin ya nuna za ta raba zangarniya gida biyar, kada a sake barin shi a hannun mutum ɗaya, musamman ni.

Ra'ayina bai canja ba. Reshe ne ya buga, zafi ne, kewa ce. Na san duk wannan.

Da rana ta take na koma gonar, don in ƙirga ramukan da suka fito. Na gama ƙirgar da wuri. Reshen nan busasshe, na zo da adda don in sare shi, sai na ga ba ya tare wa kowa hanya, na bar shi. Na zauna a gindin aduwar har inuwa ta karkata. Ba bugu, ba murya, sai kukan awakin Buba.

Da zan tashi na ce, "Baba, ya fito."

Ban ce akwai mai ji ba. Na dai ɗan jira kafin na tayar da moto.