Hanjin Jikana Zai Koma Mazauninsa

Auta,

Kada ki kuskura ki sha maganin da maƙwabciyarki ta kawo. Ya mijinki, ya laulayi? Ni lafiya lau, sai dai gwiwoyi sun fara gajiya da goge ɗakunan asibitin nan.

Na nuna wa likitarmu hoton cikinki da kika aiko, wanda aka ga hanjin ɗan a waje. Ta ce a sati goma hanjin ɗan tayi yakan fito cikin igiyar cibiya, don cikinsa ya yi masa kaɗan. A can yake ƙara tsawo, ya juya, bayan sati biyu ya koma ciki. Ki share hawaye. Abin da rashin wuri ya fitar yakan dawo. Ni ma haka nake gaya wa kaina.

Allah ya raba lafiya. Ki koma a sake dubawa. Daga yau, abin da likita bai gani ba, ba ya shiga bakinki.

Mahaifiyarki